Maki Ɗaya Tak: Nazarin Wasan Ƙarshe Na Ƙwallon Zari-Ruga Na 2023

Tun daren Asabar ɗin da malaminmu na wasanni ya nuna mana hoton wani wasan ƙwallon zari-ruga a babban ɗakin taro, gardama ba ta mutu ba a ɗakin kwananmu. Wasan kuwa shi ne na ƙarshe na cin kofin duniya, wanda aka yi ran 28 ga Oktoba, 2023, a babban filin wasa na ƙasar Faransa da ke Saint-Denis, kusa da Paris. Afirka ta Kudu ce ta kara da Niyuzilan, aka tashi 12 da 11. Yawancin abokaina sun tsaya a kan cewa alƙalin wasa ne ya ɗauki kofi ya miƙa wa Afirka ta Kudu. Da fari ni ma haka na ɗauka. Amma da na roƙi malam ya bar ni na sake kallo, na zauna da takarda da fensir, sai ra'ayina ya sake. Abin da na gani shi nake so in bayyana a nan.

Kafin mu shiga, ya kamata in yi wa wanda bai san wasan ba ɗan bayani, gama a ƙasarmu ƙwallon ƙafa muka fi sani. Kowane ɓangare mutum 15 ne, ana kuwa yin minti 80. Ƙwallon ba kewayayye ba ne, ya yi kama da ƙwai. Ana ɗaukarsa a hannu a ruga da shi, kuma an yarda a kama wanda ke riƙe da shi a kayar. Amma ba a miƙa wa ɗan'uwa ƙwallo ta gaba, sai ta baya ko ta gefe. In kuwa ya suɓuce daga hannun mutum ya faɗi gabansa, laifi ne. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin abokan gāba ya danna shi ƙasa, ya sami maki 5. Wannan shi zan riƙa kira direwa. Bayan direwa akan ba da bugun ƙari mai maki 2, a buga ƙwallo ya bi tsakanin dogayen sanduna biyu, ta bisa sandar da ta gitta. Bugun fanareti maki 3 ne, haka kuma bugun da mutum kan saki ƙwallo ya taɓa ƙasa ya ɗauke shi da ƙafa ana cikin wasa. Daga cikin mutum 15 ɗin nan, 8 ƙarti ne, su ke turereniya, watau su sunkuya su haɗa kafaɗu da ƙartin wancan ɓangare a yi ta turi a kan ƙwallo. Sauran 7 su ne 'yan gudu.

To, mu fara da zaɓen 'yan wasa, domin a nan ne aka fara wasan tun kafin a busa usur.

Doka ta yarda kowace ƙungiya ta ajiye mutum 8 a benci. Abin da aka saba shi ne a ajiye ƙarti 5 da 'yan gudu 3, wani lokaci 6 da 2. Amma masu horar da Afirka ta Kudu, Jacques Nienaber da Rassie Erasmus, sai suka ajiye ƙarti 7 da ɗan gudu ɗaya tak, Willie le Roux. Sun taɓa gwada haka a watan Agusta na shekarar a London, suka lallasa Niyuzilan ɗin nan 35 da 7. Sun kuma gwada a kan Ailan a cikin gasar, aka cinye su 13 da 8. Dabarar a fili take. In ƙartinka na fari sun gaji, sai ka zuba sababbi kusan gaba ɗaya, abokan gāba kuwa su ga kamar an sake musu sabuwar runduna. Amma haɗarin ma a fili yake. Mai lamba 9, wanda ke fitar da ƙwallo daga ƙarƙashin ƙarti ya rarraba, ba shi da mataimaki ko ɗaya a benci. Da Faf de Klerk ya ji ciwo, da sai a jawo Cheslin Kolbe daga gefe ya riƙe aikin da ba nasa ba. Allah ya taimake su, de Klerk ya yi minti 80 cur.

Abin mamaki, ta inda ba a zata ba ta nan ruwa ya shigo. Mai lamba 2 shi ne tsakiyar sahun gaba a turereniya, kuma shi ke jefo ƙwallo in ya fita ta gefe. Aiki ne na gwani, gama sai ka jefa daidai tsakiyar layi biyu, daidai lokacin da aka ɗaga ɗan'uwanka sama. Afirka ta Kudu ta zo gasar da gwanaye biyu, Malcolm Marx da Bongi Mbonambi. Marx ya ji ciwo a gwiwa tun farkon gasar. Maimakon a kirawo wani mai lamba 2, sai aka kirawo Handré Pollard, mai lamba 10, gwanin bugu. Ke nan Mbonambi ya zama shi kaɗai. Ran wasan ƙarshe kuwa, ba a cika minti 3 ba, Shannon Frizell na Niyuzilan ya faɗa wa Mbonambi a ƙafa, gwiwa ta motsa, ya fita bai komo ba. Aka ba Frizell katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa, ya yi minti 10 a waje. Wanda ya shigo shi ne Deon Fourie, mai shekara 37, wanda ya yi lamba 2 a da, amma ya daɗe da komawa sahun baya na ƙarti. An kuwa ga alama, don jifan Afirka ta Kudu ya yi ta ɓaci, 'yan Niyuzilan suna ta kwashewa a sama.

To, mai karatu, ka ce wannan zaɓe daidai ne ko kuskure? Abokina na gadon sama ya ce caca ce kurum suka yi suka dace. Ni ban yarda duka ba. Dubi abin da suka saya da wannan kasada. Dukan maki 12 da suka samu daga ƙafar Pollard suka fito, bugu huɗu, bai zubar da ko ɗaya ba, ko da yake na farin sai da ya taɓa sanda kafin ya shiga. Mako ɗaya kafin nan ma shi ya shigo daga benci ya buga fanareti daga kusan tsakiyar fili, saura minti biyu a tashi, suka fitar da Ingila 16 da 15. Kafin Ingila sun fitar da Faransa 29 da 28. Wasa uku a jere, kowanne da maki ɗaya! Mutanen da suka lura cewa manyan wasannin nan a ƙafa ake cinsu, suka gwammace su yi ƙarancin mai jifa da su yi ƙarancin mai bugu, ba za a ce musu 'yan caca kurum ba. Sun auna asara biyu ne, suka zaɓi wadda za su iya ɗauka. Amma fa na yarda da abokina a kan abu guda: da Fourie ma ya ji ciwo, da labarin ya sha bamban, da kuwa yanzu ana zagin masu horarwar nan.

Sa'an nan sai dabarar wasan kanta. An yi ruwa a daren, ƙwallo ya jiƙe yana santsi. Wanda duk ya yi yawan miƙe-miƙe a irin wannan dare, ƙwallo zai suɓuce masa. Afirka ta Kudu ba ta ɓoye niyyarta ba. Su buga ƙwallo sama can, su bi shi a guje, wanda ya cafe su rufe shi. In Niyuzilan ta riƙe ƙwallo, sai su taso mata a layi ɗaya da sauri, kafin mai karɓa ya ɗaga kai an iso shi. Ba su damu su riƙe ƙwallo ba, sun fi so a yi wasan a gidan abokan gāba, a matsa musu har su yi laifi, Pollard ya karɓi maki 3. Haka aka yi har sau huɗu kafin minti na 35. Richie Mo'unga ya rama biyu, aka tafi hutu 12 da 6.

Wani na iya cewa wannan wasa ba daɗin kallo. Ni ma da fari na ce haka. Amma a kallo na biyu sai na bar bin ƙwallo, na sa ido a kan mutum ɗaya, Pieter-Steph du Toit, mai lamba 7. Kai, wannan bawan Allah ya yi aiki! Sau 28 ya kama mutum a wasa ɗaya, kuma sau da yawa Jordie Barrett ya fi shan wuya a hannunsa. Jordie kuwa shi ne wanda Niyuzilan kan tura ya fasa tsakiya, domin in ya ci gaba da taki biyu ko uku, sauran 'yan gudu su sami fili. Du Toit ya yi ta mayar da shi baya. In an mai da mai fasa tsakiya baya, dole dukan 'yan'uwansa su ja da baya su sake shiri, kafin nan masu tsaro sun daidaita layinsu. Shi aka zaɓa gwarzon wasan, ban kuwa ji wanda ya yi gardama a kan wannan ba, ko a ɗakinmu. Haka nan Kurt-Lee Arendse, ɗan ƙaramin jiki, ya bi Rieko Ioane ya fitar da shi waje dab da kusurwa kafin hutu. Wannan kamu kaɗai ya hana maki 5.

Yanzu sai mu zo ga inda gizo ke saƙa, watau alƙalanci. Alƙalin wasa shi ne Wayne Barnes, mutumin Ingila, kuma lauya ne a aikinsa na yau da kullum. Yana da mataimaki mai duba talabijin, Tom Foley. A wannan gasa kuma an shigo da wani sabon tsari: in alƙali ya ga laifi ya kai na kati amma bai tabbata ko na kora ba ne, sai ya ɗaga mai ruwan ɗorawa ya gitta hannuwansa, wani jami'i dabam da ke ɗaki ya duba hoton cikin minti 8, ya ce a bar shi haka ko a mai da shi ja.

Wajen minti na 27, kyaftin ɗin Niyuzilan, Sam Cane, ya tari Jesse Kriel yana tsaye ƙyam, kafaɗarsa ta sami Kriel a fuska. Aka ba shi mai ruwan ɗorawa, kafin hutu aka mai da shi ja. Shi ne namiji na farko da aka taɓa kora a wasan ƙarshe na kofin duniya. Bayan an komo daga hutu da minti 5, sai ga kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, Siya Kolisi, shi ma kansa ya gwabza da na Ardie Savea. Aka ba shi mai ruwan ɗorawa, aka duba, aka bar shi haka, ya komo bayan minti 10. Nan ne ɗakin taronmu ya kaure da ihu. Kyaftin biyu, kai biyu, hukunci biyu dabam! Ina adalci?

Sai da malam ya koya mini yadda ake auna irin wannan laifi sa'an nan na gane. Alƙali ba ya tambaya ko mutum ya yi da gangan. Yakan tambayi kansa ne ko an taɓa kai, ko kuma da laifin mai kamu a ciki. In haka ne, sai ya duba girman haɗarin, watau ƙarfin karon da ko kai tsaye ya sami kai. Daga ƙarshe ya duba ko akwai abin sassauci, kamar a ce mai kamu ya sunkuya, ko wanda aka kama ya rusuna farat ɗaya. Cane yana ganin Kriel sarai, bai sunkuya ba, kafaɗarsa kuma kai tsaye ta tafi fuska. Kolisi kuwa ya lanƙwasa ƙugu, ƙarfin karon ya fara sauka a jikin Savea kafin kawuna su haɗu, ga kuma wani ɗan wasa da ya shiga kamun tare da shi. Na mai da hoton baya ya fi sau biyar. Ra'ayina shi ne hukuncin biyu duka suna kan doka. Abin da ya sa ake tsananta wannan doka kuwa ba wasa ba ne. Akwai tsofaffin 'yan wasa da suka kamu da ciwon mantuwa tun ba su tsufa ba, har sun kai hukumomin wasan ƙara a Ingila. Na ji tausayin Cane ƙwarai da na gan shi zaune a gefe ya zuba ido, amma tausayi dabam, doka dabam.

Sai dai akwai wurin da nake tare da abokaina. Wajen minti na 54, Mo'unga ya yi wata irin gudu ya yanka tsaro, ya miƙa wa Aaron Smith, Smith ya dire. Ana murna sai mai duba talabijin ya kira alƙali, ya nuna masa cewa can baya, lokacin jifa daga gefe, ƙwallo ya suɓuce wa Savea ya yi gaba. Aka soke direwar. Suɓucewar gaskiya ce, kowa ya gani a hoto. Amma ƙa'idar da ke aiki a lokacin ta ce, a kan irin wannan laifi, mai talabijin ba zai koma baya fiye da zango biyu na wasa ba, watau sau biyu da aka kayar da mutum aka sake fitar da ƙwallo. Wannan kuwa ya wuce zango biyu. Ke nan an gano gaskiya ta hanyar da ƙa'ida ba ta bayar ba. Wannan ya daɗe yana damuna. In ka bar direwar, ka bar maki 5 da aka gina bisa laifi. In ka soke, ka taka ƙa'idarka da kanka. Ni dai ina ganin da an bar ta, gama in an yarda mai talabijin ya koma baya yadda ya ga dama, ba direwar da za ta tsira, ko wace in ka tona za ka sami wani abu.

Amma ko a nan ma kada mu yi saurin cewa an ƙwace wa Niyuzilan kofi. Minti 4 bayan haka sun dire wata. Jordie Barrett ya yi doguwar miƙawa zuwa ga Mark Tele'a, Tele'a ya kauce wa masu tsaro, ƙwallo ya fita daga hannunsa ya taɓa ƙasa, Beauden Barrett ya ɗauka ya dire a kusurwa. Alƙalan nan da ake zargi su suka ce ƙwallon baya ya yi, suka bar direwar, alhali magoya bayan Afirka ta Kudu suna rantsuwa gaba ya yi. Wannan ita ce direwa ta farko da aka taɓa yi wa Afirka ta Kudu a wasan ƙarshe, bayan na 1995 da 2007 da 2019. Da an bar ta Smith, da an koma tsakiyar fili an sake farawa, ta Barrett kuwa ba za ta zo yadda ta zo ba. Ba a haɗa su biyu a ce an hana su maki 10.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin da Niyuzilan ta yi da kanta. Bayan minti na 34 Afirka ta Kudu ba ta ƙara ko maki ɗaya ba. Minti 46 ke nan, mafi yawansu kuwa da rinjayen mutum guda! Ta gwada bugun saki-ka-ɗauka ba sau ɗaya ba, duk suka baude. Ashe ƙofa a buɗe take. Lokacin da Kolisi ke waje, aka zama 14 da 14, Niyuzilan ta sami fanareti inda za a iya bugawa a sami maki 3, sai ta zaɓi ta buga kusurwa ta nemi 5. Minti 10 ɗin nan suka wuce ba ta sami kome ba. Na san dalilinsu. Suna ganin mutum 14 ba za su daɗe suna turi ba, gara su ci da yawa tun da sauran ƙarfi, ga kuma jifan abokan gābansu ya lalace. Amma a wasan da aka tashi da bambancin maki ɗaya, ga ruwa, ni da na karɓi 3 ɗin nan. Da hanau gara mannau. Bayan direwar Barrett, Mo'unga ya buga ƙari daga gefe, ya baude. Saura minti 7 kuma Kolbe ya doke ƙwallo da gangan don ya hana miƙawa, aka ba shi kati, Jordie Barrett ya buga fanareti daga kusan tsakiyar fili, shi ma ya baude. Maki 5 ke nan suka zube a ƙafa, ba alƙalin da ya taɓa su. Kuma har aka tashi ba su shirya bugun saki-ka-ɗauka ko sau ɗaya ba, alhali da irinsa ne Joel Stransky ya cinye su 15 da 12 a Johannesburg a 1995, ranar da Nelson Mandela ya miƙa kofi.

Duk da haka dole a sara wa mutanen Ian Foster. Sun yi fiye da minti 50 ba kyaftin, su ne kuma kaɗai suka dire. Savea ya karɓi jagoranci ya yi ta kutsawa kamar ba ya gajiya. A 2025 hukumar wasan ta duniya ta amince a gwada wata doka a manyan gasa, wadda ta ce in an kori mutum a kan laifin da ba na ganganci ba, bayan minti 20 wani ya shigo a madadinsa. Da wannan doka tana aiki a 2023, da Niyuzilan ta cika 15 tun farkon rabi na biyu. Abokina ya ce wannan ya nuna an zalunce su. Na ce masa a'a, ya nuna dai dokar ce ake gardama a kanta, Barnes kuwa da dokar da aka ba shi ya yi aiki.

'Yan kwanaki bayan wasan Barnes ya ajiye usur, bayan ya yi alƙalancin wasa 111 tsakanin ƙasashe, abin da ba wanda ya kai a lokacin. Shi da Foley sun sha zagi da barazana ta intanet, har da iyalansu, Foley ma ya janye daga wasannin ƙasashe kafin ƙarshen shekarar. Na tuna da wannan ran da aka ba ni usur a wasan ƙwallon ƙafa na 'yan aji ɗaya, na ba da fanareti, yara goma sha ɗaya suka kewaye ni, ba ni da talabijin da zan duba.

Minti na ƙarshe turereniya aka yi, kusa da gidan Afirka ta Kudu, ƙwallo kuma nata. A nan ne ƙarti 7 na benci suka biya kuɗinsu, gama waɗanda suka sunkuya a lokacin yawancinsu ba su suka fara wasan ba. Niyuzilan ta turo da iyakar ƙarfinta, ƙwallo ya fito da ƙyar, aka rufu a kansa, Barnes ya busa. Kolbe yana zaune a kujerar masu laifi, ya ja riga ya rufe kansa, bai kalli minti 7 ɗin nan ba. Ran nan kuwa ya cika shekara 30 da haihuwa.